Muna son mayar da wasanmu na D&D fodkas da Hausa, wa ya taɓa gwadawa?

ɗan_Tudunwada:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema daga wanda ya san kan abun, ba wanda zai ce min "kawai ku fara" ba, dan wannan kam na sha ji.

Mu biyar ne, mun kai shekara ɗaya da rabi muna buga Dungeons & Dragons duk Asabar bayan la'asar a ɗakin wani abokinmu a nan Zariya. Ga wanda bai san shi ba, dan na san sai an tambaya, wasa ne na baka, ba na waya ko kwamfuta ba, zama ake a zagaye tebur ko a kan tabarma irin namu, mutum ɗaya ke jan labari yana faɗa muku inda kuke da abun da ke gabanku, sauran kowa da jaruminsa da ya ƙirƙira a takarda, kai za ka ce ga abun da nawa zai yi, sai a jefa dayis mai fuska 20 a ga ko ya dace ko ya kwafsa. Tun 1974 ake yin sa a Amurka, mu dai sai yanzu ya iso mana. Ni ne mai jan wasan.

Toh na daɗe ina jin Critical Role da The Adventure Zone, shirye-shiryen wasu Amurkawa da ke buga wasan ana saurare, in ina wanki ko ina cikin mota, sai na ce wa samarin me zai hana mu yi namu da Hausa tunda dariyar da muke sha a ɗakin nan wlh ba ta misaltuwa. Satin da ya wuce muka gwada, na ajiye wayata a tsakiya na danna rikodin, awa uku da minti arba'in. Da na dawo gida na saka a kunne sai jikina ya yi sanyi. Fanka ce ke magana ba mu ba, ga janareton maƙwabta, duk jefa dayis a kan faranti kamar an harba bindiga, ɗaya daga cikinmu muryarsa kamar yana cikin kunnenka ɗayan kuma kamar ya faɗa rijiya, kuma duk inda abun ya yi daɗi a nan ne muke magana mu huɗu a lokaci ɗaya ba ka jin ko ɗaya. Na ba ƙanwata ta saurara, minti bakwai ta cire ta ce "Yaya wai faɗa kuke ko lissafi?"

Shi ne nake tambaya, wane kaya ya kamata mu fara saya tunda kuɗin ba wani yawa gare su ba, kuma ya ake da tsawon abun, a bar shi awa uku ko a yanka? Sannan maganar harshe, rabin kalmomin wasan Turanci ne muna ta gwamutsa su. Sai kuma tsoron da nake kar mu sha wahala kamfanin masu wasan su sa a sauke mana. Duk wanda ya san ko ɗaya a ciki ya taimaka.

Mai_Sitidiyo:

Wa alaikumus salam. Hhhh ƙanwar nan taka ta gama maka bita kyauta, ka saya mata kati.

Ni gsky ban iya wasan naku ba, amma sauti shi ne abincina, tallan rediyo nake haɗawa a Kano, dan haka zan tsaya a inda na sani. Ƙanina kar ka sayi komai tukun. Matsalarka ta farko ba rashin mayik ba ce, nisa ne da ɗaki. Waya ɗaya a tsakiyar mutum biyar ko ta miliyan ce haka za ta ba ka, saboda ita ba ta san wane ne mai magana ba, duk abun da ya yi ƙara shi take ɗauka. Kowannenku yana da waya ai, toh kowa ya ɗauki muryarsa da tasa, a jingine ta da littafi ko kofi a gaban bakinsa tazarar kamar taƙi ɗaya, a sa ta a yanayin jirgi dan kar kira ya shigo ya katse. Kafin ku fara sai mutum ɗaya ya tafa hannu da ƙarfi sau ɗaya, wannan tafin zai fito kamar tsini a duk fayilolin, da shi za ka jera su daidai a kwamfuta. Kuma duk sanda kuka tashi salla kuka dawo a sake tafawa, dan wayoyi in rikodin ya yi tsawo sukan ɗan saɓa da juna kaɗan-kaɗan, sai ka ga a ƙarshe wani yana amsa tambayar da ba a gama yi ba.

Amfanin kowa da layinsa shi ne in biyu sun yi karo kana iya rage ɗaya ka bar ɗaya, in wani ya yi tari ko yana ɓare gyaɗa ka share nasa kawai. A fayil ɗaya ba ka da wannan damar, abun ya riga ya dahu tare.

Sai ɗaki. Ɗakin da yake da tayil da bango fayau shi ne ke ba da wannan amon na rijiya. Ku nemi ɗaki mai katifa da labule da kafet da tarkacen kaya, ɗakin da matan gida za su ce ya cika shirgi, shi ne sitidiyo. Fanka dole a kashe ta, na san za ka zage ni in watan Afrilu ya zo amma babu yadda za a yi, ku yi minti arba'in ku tsaya ku sha iska ku ci gaba. Dayis kuma a shimfiɗa tawul ko tsohuwar darduma, faranti na tuwo ne. Janareton maƙwabta ba ka da iko da shi sai dai ka lura da lokacin da ake kawo muku wuta a unguwa ku daidaita zamanku da shi.

Editin ka sauke manhajar Audacity a kwamfuta, kyauta ne kuma ya ishe ka. Kafin ku fara magana ku yi shiru na daƙiƙa goma sha biyar, da wannan shirun za ka nuna masa ga hayaniyar ɗakin ya rage ta. Amma kar ka matsa masa da yawa, in ka cika hannu muryoyin za su koma kamar ana magana a cikin randa.

In kun yi kashi uku ko huɗu kun ga da gaske kuke, sannan a yi maganar saye. Lokacin ka nemi mayik irin wanda mawaƙa da masu wa'azi ke riƙewa a hannu, wanda ake ce wa dainamik, shi ba ya kwaso abun da ke nesa sosai. Irin na kondensa da kake gani a hotuna yana ƙyalli, wannan har kukan akuyar bayan layi zai kawo maka. Samson Q2U yana shiga kwamfuta kai tsaye kuma yana shiga miksa, akwai kuma ƙaramin akwatin Zoom PodTrak P4 mai cin mayik huɗu yana ɗaukar kowa daban a memori, yana aiki da batir ko fawa bank, kaga ko an ɗauke wuta ba ruwanka. Amma ku biyar ne shi huɗu yake ci, wannan lissafin naku ne.

Yar_Katsinawa:

Salam ɗan uwa. Duk abun da Malam ya faɗa a sama gaskiya ne, amma bari in faɗa maka abun da ya kashe namu, dan ba sauti ba ne.

Lokacin ina karatu a Ingila mun yi irin wannan ni da wasu ƙawaye da abokan karatu, da Turanci muka yi, kayan aiki masu kyau muka aro, mun fitar da kashi shida sai ya mutu murus. Abu na farko, ni kaɗai ke editin. Ranar da muka yanke shawara kowa na ta murna, ba wanda ya tambayi wa zai zauna da fayilolin, da yake ni ce mai laftof mai ɗan ƙarfi sai abun ya faɗo kaina. Rikodin awa ɗaya yana cin min awa uku wani lokacin huɗu, mu kuma zamanmu awa uku ne, ka lissafa da kanka, ga karatu ga aiki, su kuma sun zo sun yi dariyarsu sun tafi sai dai su turo min saƙo "yaushe zai fita?" Wlh har na fara jin haushin wasan da nake so. Kai kuma na ga kai ne mai jan wasa, wato kai za ka shirya labari, kai za ka ja, in ba ka yi hankali ba kai za ka yi editin kai za ka ɗora. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, tun yau ka zaunar da su a raba, wanda ba zai iya editin ba ya riƙe ɗorawa da talla ko ya saurara ya rubuta maka minti kaza zuwa kaza a yanke.

Na biyu haɗuwa. In wasa ne kawai, wani bai zo ba sai a ce jaruminsa ya tsaya gadin kaya a ci gaba. Amma in akwai masu saurare, mutum ya ɓace ana tsakiyar faɗa ya dawo bayan sati uku, labari ya lalace. Ku kuma ga biki ga suna ga jarabawa ga azumi ga wanda za a tura bautar ƙasa. Kar ku saki ko ɗaya sai kuna da aƙalla huɗu a ajiye an gama gyara su. Mu rana ɗaya muka yi na farko muka sake shi dan ɗoki, daga nan kullum a guje muke.

Amma babban abun, wanda na fi so ka ji, shi ne wasa daban shiri daban. Dariyar nan da kake cewa ba ta misaltuwa, rabinta ta ku ce ku kaɗai, saboda kun san juna kun san abun da ya faru wata shida baya, kuna ganin fuskar wanda ya jefa 1, wato mafi munin jefawa. Mai saurare ba ya ganin komai. In ka ce "yana nan ta can" kana nuni a taswira, shi bai san ina ne can ba. In aka yi minti goma ana duba littafi kan wata doka, ku a wajenku wasa ne shi a wajensa shiru ne. Dole kowa ya koyi faɗin lambar da ya jefa da baki, ya koyi jira wani ya gama, kuma kai ka koyi siffanta wuri yadda makaho zai gan shi. Kuma da zarar an kunna rikodin mutane na canjawa, mai surutun cikinmu ta koma kurma, wani kuma ya koma ɗan wasan kwaikwayo yana ta neman a ji shi. Akwai wadda ta ce mana ita ta zo hutawa ne ba aiki ba, kuma gaskiyarta.

Maganar Critical Role kuma dan Allah ka cire su a ranka in kana auna kanku. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Su Matthew Mercer, mai jan wasan nasu, sana'arsu ce saka murya a katun da wasannin bidiyo, kuma sun yi kusan shekara biyu suna buga wasan a gida kafin su fara nunawa a 2015, suka fara a ƙarƙashin kamfanin Geek & Sundry mai ma'aikata da kayan aiki. Shi ya sa suke iya sakin awa huɗu ba yanka mutane su zauna. Su The Adventure Zone da suka fara a 2014, 'yan uwa uku ne da babansu, kuma tun 2010 suna da wani fodkas na barkwanci mai masu saurare, ba daga sifili suka taso ba. Kuma ko su yankawa suke, kusan awa ɗaya-ɗaya suke saki.

Da ni ce kai, ba zan ɗauki labarin da kuka yi shekara da rabi a ciki ba. A bar wannan ya zama naku na Asabar ba rikodin. A buɗe sabon gajeren labari, kashi shida ko takwas ya ƙare, kowane minti talatin zuwa arba'in da biyar. In ya ƙare kun ga za ku iya sai a sake wani, in ba za ku iya ba kun dai bar abu kammalalle, ba irin namu da ya tsaya jarumai na rataye a bakin gada har yau ba.

ɗan_Tudunwada:

Kai Anti wannan magana ta shige ni, dan wlh a raina na riga na ɗauka ni zan yi editin ban ma ga abun a matsayin matsala ba. Kuma akwai ɗaya a cikinmu da tun ranar gwajin ya yi shiru bai ce komai ba a guruf, ina ga irin ƙawar nan taki ce. Zan kira shi.

Oga Mai_Sitidiyo na gode ƙwarai, tambaya ɗaya, ɗayanmu wayarsa memori ya cika kullum, awa uku za ta ɗauka?

Mai_Sitidiyo:

Ya danganta da irin fayil. WAV na murya ɗaya yana cin wajen mega 5 a minti, awa ɗaya ta haura mega 300 kenan, awa uku kusan giga ɗaya. Ya goge bidiyoyin guruf ɗin gidansu zai samu wuri hhh. In ya gagara ya ɗauka a M4A, dan murya ba laifi. Ka dai tabbata ka kwashe fayilolin kowa a ranar kafin a watse, kar ka yarda da "zan turo maka anjima".

Abu_Sumayya:

Assalamu alaikum. Ni ba zan yi maganar na'ura ba, wata tunatarwa ce kawai dan na ga ba wanda ya taɓo ta. Malam a ɗaki ku biyar ba mai ganinku, amma ranar da kuka sake shi duniya da Hausa, wanda zai ji ba abokanku ba ne kaɗai, har da kawunku da limamin unguwa. Tambayar farko da za a yi muku ita ce ta dayis. Akwai hadisi a Sahihu Muslim mai tsanani a kan wasan nardi, wani tsohon wasa da ake yi da dayis, kuma malamai sun yi magana a kan wasanni masu ƙwayar jefawa ko da ba kuɗi a ciki, wasu sun tsananta wasu sun bambance. Ni ba mai fatawa ba ne, amma ku je ku zauna da malamin da kuka yarda da shi ku kwatanta masa yadda abun yake tun kafin ku fara, ya fi a ce sai an taso ku a kwament kuna kame-kame.

Na biyu shi ne abun da ke cikin wasan, bokaye da tsafi da alloli da shaiɗanu. Ko a can Amurka a shekarun 1980 iyaye da wasu coci-coci sun tayar da ƙura a kan wasan nan suna cewa yana koya wa yara bautar shaiɗan, har kamfanin ya cire wasu sunaye a bugun 1989. Toh in can an yi haka ina ga nan. Kalmar da ba ta da nauyi a Turanci in ka juya ta Hausa nauyi take yi, ka ce jaruminka "boka" ne ko yana "roƙon wani abun bauta" ka ji yadda ta sauka a kunne. Kuma dan Allah kar wani ya ce zai burge ya ɗauko sunayen iskokin bori ya saka, za ku ɓata wa ɓangare biyu rai a lokaci ɗaya. Allah ya sa mu dace.

Jagaban_Ayari:

Malam Abu_Sumayya ya kawo magana mai kyau, kuma ita ce ma ta kai ni ga abun da nake son faɗa. Mutumina wa ya ce dole sai D&D?

Ka ga D&D wasa ne mai nauyin doka, faɗa ɗaya na mutum huɗu da dodanni biyar sai ya ci awa guda ana tara lamba ana ragewa, shi ne lissafin da ƙanwarka ta ji. A tebur yana da daɗi, a kunne azaba ne. Akwai wasannin da aka gina su a kan tsarin Apocalypse World na Vincent da Meguey Baker wanda ya fito a 2010, su dayis biyu ne kawai irin na ludo, ka jefa ka haɗa ka ƙara ɗan makin jaruminka, 10 zuwa sama ka yi nasara, 7 zuwa 9 ka samu amma da asara ko sharaɗi, 6 zuwa ƙasa mai jan wasa ya jefo maka masifa. Shi kenan dokar da mai saurare ke buƙatar sani, a minti ɗaya ka gama bayani. Kuma wannan 7 zuwa 9 ɗin shi ne gishirin, dan in ba a ƙara komai ba sau 15 cikin 36 nan ake faɗawa, kullum labari na karkata ta inda ba a zata ba. Su kansu 'yan The Adventure Zone da suka gama labarinsu na farko sun koma wasan Monster of the Week wanda a kan wannan tsarin yake. In kuma maganar dayis ɗin ce ta tsaya muku a rai, akwai wasannin da ba sa amfani da shi sam, Dread da katakon Jenga ake yin sa, wato ƙananan katakai da ake jerawa kamar gini, ka zaro katako in ginin ya rushe jaruminka ya tafi. Ko ku rubuta lambobi a takarda ku zuba a hula a riƙa zara. Ko hakan ya canja hukunci ko bai canja ba, wannan sai ku haɗa da shi cikin tambayar da za ku kai wa malam.

Maganar kamfani kuma kwantar da hankalinka. Wizards of the Coast, masu D&D, suna da ƙa'idar abun da masoya ke ƙirƙira, sharaɗin shi ne abun ya zama kyauta kowa na iya ji ba sai ya biya ba, kar ka saka tambarinsu, kuma ka bayyana cewa ba daga gare su yake ba. Talla ko gudummawar masu saurare ba su hana ba. Sannan bayan rigimar da aka yi da su a Janairun 2023 kan lasisi, sun saki ainihin dokokin bugu na biyar a ƙarƙashin Creative Commons, lasisin da ke ba kowa damar amfani da abu kyauta in zai ambaci mai shi. Inda aka fi kama mutane ba nan ba ne, kiɗa ne. Ka ɗauko kiɗan fim ko na wani mawaƙi ka sa a farko, YouTube zai gane shi da kansa. Ko ka ɗauki na Kevin MacLeod da yake bayarwa kyauta in za ka ambaci sunansa, ko kuma abun da ya fi, ka nemi mai gurmi ko mai sarewa a nan Zariya ka biya shi ya kaɗa maka na minti ɗaya, ku yi yarjejeniya a rubuce, ya zama naku.

Sai harshe, wanda ni a wajena nan ne daɗin yake. Kar ku zauna fassara littafi kalma da kalma, za ku fito da Hausar da ba mai yin ta. Ku ɗauki kalma goma da kuka fi maimaitawa ku yanke musu suna ɗaya ku tsaya a kai, "jefa", "rai" ko "jini" na abun da ke raguwa in an sare ka, "sulke", "sa'a", "juyinka ne". Sauran ku bar bakinku ya yi yadda ya saba.

Kuma me zai kai ku gidan giya na Turawa da dogayen kunnuwa alhali ga ayarin fatake? Kano zuwa Gwanja neman goro, tafiyar watanni, a ɗauki kanwa da tufafi da fata a kan jakuna, a ƙetare Kwara a ratsa ƙasar Bargu har Salaga. Ƙungiyar ma a shirye take, ga madugu uban tafiya, ga jagaba mai sanin hanya, ga uban dawaki, kowane zango kashi ɗaya ne, ga 'yan fashi ga sarkin da ya tsawwala fito ga goron da ke neman lalacewa in ba a yayyafa masa ruwa ba. In kuna son abun al'ajabi ga Dodo ga Gizo da Ƙoƙi, ba wanda zai ɗaga muku gira dan kakarsa ma ta ba shi labarinsu. Ka buɗe da ga ta nan ga ta nanku, sauran huɗun su amsa, ka ga ko mai saurare zai tambayi wane irin shiri ne wannan.

Ba_Damagare:

Sannunku. Ni daga Zinder nike bin zancen, abu guda zan ƙara. Ku tuna da data. Ku ɗora a Spotify ba laifi, kyauta ne kuma za su ba ku RSS, wato adireshin shirin, da za ku kai sauran wurare, amma mutanenmu nan WhatsApp da Telegram da YouTube suka sani, wasu ma wajen masu tura waƙa a kasuwa suke amsa a memori. In kun fidda MP3 ku yi shi mono, wato layin sauti ɗaya, a ingancin 64 kbps, awa guda ba ta kai mega 30 ba, a 128 kuwa ta kusa 60. Murya ce ba kiɗa ba, ba mai jin bambanci a ƙaramar waya. Kuma ku faɗi sunan shirin da lambar kashi da baki a farko, dan in ya fara yawo hannu da hannu sunan fayil ɓacewa yake. In kun yi na ayarin ina so, in kun gama Gwanja ku biyo ta Agadas ku yi na gishirin Bilma.

ɗan_Tudunwada:

Jama'a Allah ya saka da alheri, na kwafe duka na tura guruf. Na kira abokin nan nawa, ashe da gaske ba ya so a ɗauki muryarsa, ya ce a gidansu ba a san yana wasan ba, amma ya ce shi zai riƙa saurare yana rubuta inda za a yanke. Kaga mun koma huɗu a mayik, lissafin Oga Mai_Sitidiyo ya fita da kansa.

Mun tsayar da Asabar ta zauna yadda take ba rikodin, Laraba da daddare mu gwada na ayarin, minti arba'in kacal, a ɗakin yayan ɗayanmu mai katifa biyu. Juma'a bayan masallaci ni da ɗaya za mu je wajen malam da takardun wasan. Har an fara rigima a guruf kan wa zai zama madugu, kowa na so ba mai son jan jakuna.

Jagaban_Ayari in ba damuwa ka ɗan turo min yadda ake tsara takardar jarumi a wancan tsarin na dayis biyu, makin nawa ake rabawa a farko? Ban taɓa jan sa ba kuma Laraba ta kusa.